Hawan Nasarawa da Gwamna Lugga: amsa ga jikata

Amaryata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce malaminku na tarihi ya ba ku aiki ku auna alheri da sharrin Gwamna Lugga, a wajen bincike kuma kika gano cewa Hawan Nasarawa, wanda kike cin kwalliya ki je kallo tun kina ƙarama, asalinsa Sarki ne ke zuwa gaida Razdan. Shi ne kike tambaya ko ya dace a ci gaba da shi, kuma wai in faɗa miki a kalma ɗaya, Lugga mutumin kirki ne ko mugu. Kalma ɗaya! Ku 'yan zamani komai so kuke a dunƙule muku shi ya shiga fuskar waya. Abin da ya dame ni shi ne sai da kika shiga jami'a kika ji wannan, alhali a gidanku akwai masu labarin.

Shi mutumin nan ba a ƙasarmu ya fara ba. A Indiya aka haife shi a 1858, ya yi aikin soja, ya yi yawo a gabashin Afirka, har aka harbe shi a faɗa da fataken bayi wajen tafkin Nyasa a 1888, ya wuce Uganda yana yi wa wani kamfanin Ingila aiki. A 1894 kamfanin Neja ya turo shi Borgu, ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki don ya riga su karɓar hannun sarki a takarda. Ranar 1 ga Janairu 1900 ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannunsu, alhali ko ganuwar Kano bai taɓa gani ba. Wannan duk yana cikin littattafanku. Abin da ba ya ciki shi zan ba ki.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, yana barinmu mu je Hawan Salla, mu je Hawan Daushe, har kuɗin alewa yake ba mu. Amma ranar Hawan Nasarawa da sassafe zai sa a tura ƙyauren zaure, ya shimfiɗa buzunsa ya buɗe littafi, ba mai fita. Ba ya faɗin dalili, mu kuma a zamaninmu yaro ba ya tambayar babba dalili. Wata Salla a zamanin Sarki Sanusi, ana gab da samun 'yancin kai, na sulale ta ƙofar baya na bi kawuna. Kai, ranar na ga abu! 'Yan bindiga a gaba hayaƙi ya turnuƙe, 'yan lifida da 'yan kwalkwali suna tafe, hakimai kowa da jama'arsa da makaɗansa, dogarai cikin ja da kore suna buɗa hanya, kakaki yana tashi har cikin ƙirjinka. Da laimar Sarki ta bayyana sai gari ya ɗauka da kirari. Kawu ya ɗora ni a wuya, daga nesa na hango Bature cikin fararen kaya a tsaye yana jira. Ni a lokacin ban ga komai ba sai kyan dawakai.

Na dawo da ƙura har gira, na tarar da Kaka a zaure. Na ɗauka duka zan sha. Sai ya ce in zauna. Ya ce shi yana saurayi ranar da ya ji ƙarar igwa daga wajen Kabuga, a watan Fabrairu 1903. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mahaya, kafin rana ta yi nisa birni ya faɗi. Wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin waɗanda suka juyo tare da Waziri Ahmadu, suka haɗu da bindigogin Nasara a Kwatarkwashi, ba a sake ganinsa ba, ko gawarsa ba su samu sun yi wa salla ba. Baffansa kuma ya kwashi iyali ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira zuwa gabas bayan an ci Sakkwato a watan Maris, daga Burmi, inda aka kashe Attahiru a watan Yuli, ba wanda ya dawo da labarinsu. Sarki Alu aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1926. Kaka ya ce, “Jiya sarkinmu Sakkwato yake kai gaisuwa, yau Nasarawa yake kaiwa, ni kuma in tsaya a bakin hanya ina tafi?” Muryarsa tana rawa, ban taɓa jin haka daga gare shi ba.

A gidanmu akwai wata tsohuwa, Iya muke ce mata, muna zaton kakarmu ce. Tana bayan asabari tana tsince shinkafa, duk tana ji. Ban taɓa jin ta sa baki a maganar zaure ba sai ranar. Ta ce, “Malam, in yi magana?” Ya ce ta yi. Ta ce ita tana yarinya ƙarama mahaya suka faɗa wa ƙauyensu a cikin duwatsun kudu, aka ɗaure ta da igiya aka kawo ta kasuwar Kurmi, mahaifin Kaka ya saye ta. Sunan uwarta ma ya ɓace mata. Ta ce duk 'ya'yan da ta haifa bayan zuwan Nasara ta haife su, kuma ba ranar da ta kwana da fargabar za a raba ta da ɗaya a kai shi kasuwa. “Kai ka rasa wa, Allah Ya jiƙansa. Ni kuwa 'ya'yana na samu.” Ta koma kan shinkafarta.

Zauren ya yi tsit. Can Kaka ya ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.” Bai musa mata ba, ko da wasa. Amma da Salla ta zagayo ƙyauren nan a rufe yake, haka kuma har ya bar duniya.

To kin ga inda awon malaminku yake da wuya. Maganar Iya gaskiya ce. A 1901 Lugga ya yi doka cewa duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne, aka rufe kasuwannin bayi, aka hana kai hari don kamo mutane. Duk wanda ya raina wannan, ba a taɓa sayar da nasa ba. Sai dai ki sani bai 'yanta waɗanda ke hannu ba, don yana tsoron gandaye su zama kufai haraji ya karye. Bawa sai ya yi murgu ya tara kuɗin fansa a gaban alƙali, kuma ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kamun bayi, Turawa sun kore shi a 1901, a 1903 kuma suka mayar da shi kan gadonsa don suna bukatar mai riƙe musu ƙasa. Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, kotunan alƙalai suka ci gaba, amma daga ranar shi ke naɗa sarki shi ke cirewa.

Akwai kuma abin da ake jingina masa ba nasa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, makarantar Ɗan Hausa an buɗe ta a Nasarawa a 1909, duk lokacin yana gwamna a Hong Kong, inda ya tsaya tsayin daka aka kafa jami'a. Mu nan bai bar mana irinta ba. Da ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, ba Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo ɗaya da aka nemi yardarsa, lissafin baitulmali ne ya kai su, don kuɗin kwastan na Kudu ya rufe giɓin Arewa.

Satiru kuwa, ina roƙonki kada ki tsallake ta. Ƙauye ne kusa da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudu suka yi bore a 1906 suka kashe Turawa uku da sojojinsu. Aka koma musu da bindiga mai ruwa, su da fartanya da gatari. An ƙiyasta an kashe kusan mutum 2000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin aka hana sake zama a wurin. Lugga ne mai mulki a lokacin, kuma hukuncin da ya so ke nan. Abin da ya fi ci wa Kaka rai shi ne har da dawakan sarakunanmu a cikin masu rakiya. Haka rundunar da ta ci Kano, Turawan ba su kai 50 ba, sauran fiye da 700 baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana. In ya zo nan sai ya ce, “Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.”

Batun hawa, ni dai da na girma ina zuwa, na kai mahaifinki, na kai ki. Dawakai da lifida da kakaki sun girmi Lugga da ɗaruruwan shekaru, ba shi ya kawo mana su ba, hanyar da ake bi ranar ce ta zamaninsu. Yanzu wanda ke jira a gidan gwamnati ɗanmu ne, kuma Sarki kan yi amfani da ranar ya faɗa masa kukan talakawa a bainar jama'a. Mahaifina kan ce baƙo raɓa ne, Razdan ya tafi, gidan Sarki na Nasarawa yana nan, har can aka binne Sarki Ado a 2014. Amma ban taɓa iya cewa Kaka ya yi kuskure da ya rufe ƙofarsa ba, kuma in kika zaɓi ki zauna a gida ranar ba zan ce miki komai ba.

Abin da ba na so shi ne wanda nake gani yanzu, kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto, a tambaye shi wane hakimi ne ya wuce bai sani ba, balle a ce Kwatarkwashi. Jikokin Iya suna nan, kina gaishe su a biki kina ce musu baba da gwaggo, ba ki taɓa zama kin tambayi babbarsu abin da ta ji daga bakin kakarta ba. In kun sami hutu ki zo mu je tare, ki tafi da goro da turare, ki bar wayar a jaka, kuma kada ki fara da tambaya sai ta kawo maganar da kanta. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce mata zumar da ta aiko ta iso.