Ku Tambaya Mu Amsa: Satar Hoton Kaya da Zaman Shawarar 'Yan Kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa humra da turaren wuta a Jidda, ina tallatawa a Instagram. Wata ta kwashe hotunan kwalabena har da rubutun da ke ƙasansu, ta raɗa wa nata suna mai kama da nawa, ƙamshin ma ta kwaikwaya. Ina da haƙƙi a doka? Daga wata mai karatu, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu uku kika kawo, kuma kowanne da hukuncinsa.

Hoto da rubutu su ne ke ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma haƙƙin yana tabbata tun ranar da aka ɗauki hoton, ko an yi rajista ko ba a yi ba. Haka Yarjejeniyar Berne ta tanada, wadda Saudiyya ta shiga a 2004. Dokar ƙasar ta 2003 ta ba rubutu kariya tsawon ran marubuci da shekara 50 bayan rasuwarsa, hoto kuwa shekara 25 daga fitowarsa. Sai dai wa ya ɗauki hoton? In ke ce da wayarki, naki ne. In mai hoto kika biya, biyan kuɗi kaɗai bai mayar da haƙƙin hannunki ba, sai da rubutacciyar yarjejeniya. Nan mutane da yawa ke faɗuwa.

Kafin ki ce mata uffan, ki ɗauki hoton shafinta yadda suna da kwanan wata za su fito, don tana jin motsi za ta goge. Ki adana ainihin hotunan da ke wayarki, ba waɗanda suka bi ta WhatsApp ba, saboda yana matse hoto ya zubar da bayanan ranar da aka ɗauka. Sannan ki tura mata saƙo cikin mutunci ki ba ta kwana uku. In ta ƙi, Instagram na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma hukumar SAIP mai kula da mallakar fasaha tana karɓar ƙorafi ta intanet.

Suna kuma alamar kasuwanci ce, ita rajista take so. A SAIP ake yi, kariyar shekara 10 ce, ana sabuntawa. An kasa kaya da ayyuka aji 45, turare na aji na 3. Ki fara bincikawa ko wani ya riga ki, kuma suna irin "Humra Mai Ƙamshi" da wuya ya wuce, tunda siffanta kayan kawai ya yi. Kada ki yarda a yi rajistar da sunan wani don neman sauƙi. Alamar tasa ce ke nan a takarda, ga kuma dokar tasattur, wato ta hana yin kasuwanci a ɓoye da sunan wani, mai ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Ƙamshi dai haƙuri za ki yi. Haƙƙin mallaka ba ya kare dabara ko haɗi. Awon sandal da farce da miski sirrinki ne, ki auna da hannunki, masu taya ki su tsaya a ɗuri da liƙa takarda.

Tambaya: Mu shida ne masu shaguna a wajen Sharar Mansur, mukan haɗu bayan isha'i don shawarar kasuwa, amma kullum hira ke cinye zaman. Yaya za mu gyara? Daga wani mai karatu, Makka.

Amsa: Alhaji, adadinku ya yi daidai, kada ku wuce goma. Abin dubawa shi ne kada a samu biyu masu sayar da kaya iri ɗaya, don babu mai buɗe littafin cinikinsa a gaban wanda suke rububin kwastoma.

Ku mayar da shi sau ɗaya a wata, awa biyu, da mai riƙe agogo. Kowa ya yi minti biyar kan cinikin watan, sannan mutum ɗaya ko biyu su baje matsala guda da lissafinta: nawa ne bashi a waje, kayan nawa suka kwanta, ko cinikin shekara ya doshi riyal 375,000 da rajistar harajin VAT ke zama dole. A fara da tambayoyi zalla na minti goma kafin kowa ya ce "da ni ne". Mai matsalar ya faɗi abu ɗaya da zai aikata, a rubuta, da shi za a buɗe zama na gaba.

Abin da ke kashe irin wannan zama sananne ne: maganar ciki ta fita waje, ko a cusa adashi, ranar da wani ya kasa zubi sai ya daina zuwa. Haka nan ban da haɗa baki a kan farashi, dokar gasar kasuwanci ta hana. In tambaya ta fi ƙarfinku, hukumar Monsha'at da aka kafa a 2016 don ƙanana da matsakaitan sana'o'i tana ba da shawara. Goman ƙarshe na azumi da lokacin aikin Hajji kuwa ku ɗage zaman tun da wuri, ba wanda zai rufe shago ya zo.