Ku Tambayi Malamin Kwamfuta: Na goge mabuɗin, shi ke nan?

Malam, na yi wa wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi shafin ciniki, na haɗa shi da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, don masu MoMo (kuɗin waya) su riƙa biya. Abokina ya ce ya ga mabuɗina na sirri na Paystack mai farawa da sk_live a GitHub, inda muke ajiye rubutun manhaja a intanet. Nan take na goge layin. Shi ke nan, ko? (Wani matashi daga Aboabo)

Ina! Ƙanena, ko fara gyara ba ka yi ba. Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git, manhajar da GitHub ke aiki da ita, a 2005, aikinsa ke nan tuna abin da aka goge. Layin ya fita daga fayil ɗin yau, amma yana nan daram a tarihin ma'ajiyar, duk mai so zai koma baya ya kwafe shi. Kuma kada ka ɗauka sai mutum ya zauna yana nema. Akwai manhajoji da ba su da aiki dare da rana sai bin sabbin abubuwan da ake turawa GitHub suna tsintar mabuɗai. Tamkar ka bar makullin shagon Hajiya rataye a ƙofa ranar kasuwa ne, da yamma ka zo ka cire ka ce Alhamdu lillahi ba a ɗauka ba, alhali an riga an kai wa maƙeri ya yanka irinsa.

Ka ajiye karatun nan, ka shiga shafin Paystack ka samar da sabon mabuɗin sirri, ka kashe tsohon. Sannan ka bi jerin cinikin da kuɗaɗen da aka mayar tun ranar da mabuɗin ya fita. Mai riƙe da shi yana iya ganin sunaye da lambobin wayar masu saye. Dokar kare bayanan jama'a ta Ghana, mai lamba 843 ta 2012, ta ɗora nauyin kiyaye irin waɗannan bayanai a kan mai tattara su. A takarda Hajiya ce, amma ka san gidan wa za ta aika a yi sallama da asuba. Ka faɗa mata da bakinka tun kafin ta ji a waje.

Tunda mun zo nan, bari in yi maka tambayar da ka manta ba ka yi ba. Me mabuɗin sirri yake yi a cikin rubutun manhajar tun farko? Mai farawa da pk shi ne na fili, shi aka yarda ya je burauzar mai saye. Mai sk kuwa mazauninsa saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, cikin fayil ɗin .env, wanda ka hana Git gani ta hanyar .gitignore, fayil ɗin da ake jera abubuwan da Git zai ƙyale. Ni ba na rubuta layi ɗaya a sabon aiki sai na buɗe .gitignore tukuna, kuma da mabuɗan gwaji nake aiki har ranar miƙa shafi. Samarin da nake koya wa sun gaji da jin wannan, su ci gaba da gajiya.

Kuma ina da yaƙinin akwai ɓaraka ta biyu, domin mai yin waccan yakan yi wannan. Idan burauza ta ce "an biya", sai ka rubuta an biya ka tura wa Hajiya ta ɗaure kaya? Burauza a hannun mai saye take, yana iya sa ta ta faɗi duk abin da ya ga dama, ya mayar da leshin sidi 800 sidi 1. Farashi daga rumbun bayananka zai fito. Bayan biya, sabarka ce za ta ɗauki lambar cinikin ta tambayi Paystack kai tsaye: an biya? Nawa? Da sidi? Ka tuna a fesuwa suke lissafi, ɗari ke yin sidi ɗaya, sidi 800 zai zo maka 80000. Saƙon da suke turo wa sabarka kuma yana zuwa da sa hannu, ka tantance shi kafin ka gaskata. Aikin rabin sa'a ne, amma ku kun fi son ɓata kwana uku kuna zaɓen launin maɓalli.

Kwaɗon da ke gefen adireshin shafina ya ɓace, burauza tana cewa ba tsaro. (Wata ɗaliba a jami'ar KNUST)

Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ke sa kwaɗon ya bayyana, kwana 90 take yi, taki ta ƙare. Ki buga umarnin certbot renew a sabarki, sannan ki duba me ya hana ta sabunta kanta.

Na gama wa wani Alhaji a Adum shafi, wata biyu yana ce mini "gobe". (Daga Asawase)

Ka miƙa masa komai ka dawo kana tambayata? Rabi kafin aiki, rabi kafin shafi ya bar sabarka ya koma tasa, a rubuce, ko da a WhatsApp ne. Kada kuma ka kuskura ka shiga ta baya ka rufe masa shafin, bashi ne zai rikiɗe ya zama ƙara a kanka. Ka samu dattijon da yake jin kunyarsa ku tafi tare.

Abokina yana da shawarar kasuwanci, ni zan rubuta manhajar, ya ce za mu raba riba "yadda ya kamata". (Daga Alabar)

"Yadda ya kamata" kashi nawa ne cikin ɗari? Ku yi wa kamfanin rajista, ku rubuta kason kowa da abin da zai faru idan ɗaya ya janye. Kafin nan, a ce ya kawo maka mutum biyar da suka yarda za su biya.

A yarukan rubuta manhaja, PHP zan koya ko Python? (Daga Tafo)

Wanda ka riga ka fara. Ka gama shi.