Tambaya da Amsa: Zane a Kan Tabilet, Aiki a Cikin Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shagon zane a Jekadafari cikin garin Gombe, inda nake haɗa katin gayyatar biki, da kalanda, da hotunan littattafan yara. A kan laftof mai Windows nake aiki da manhajojin zane na Photoshop da Krita, kuma da linzamin kwamfuta nake jan kowane layi, har wuyan hannuna ya fara ciwo. Yayana ya bar mini tabilet ƙirar Samsung Galaxy Tab S7 da alƙalaminta. Shin za ta iya zama allon da zan riƙa zane a kai alhali manhajar tana cikin laftof, ko kuwa dole sai na sayi allon Wacom?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ta iya, kuma yayan naka ya yi maka gata, domin abin da ya fi muhimmanci a wannan harka shi ne alƙalamin, ba tabilet ɗin ba. Alƙalamin tabilet ɗinka, wato S Pen, yana aiki ne da fasahar kamfanin Wacom ɗin da kake tunanin sayen allonsa, yana kuma bambance matakan danni har 4,096, wato yana sanin lokacin da ka sassauta hannu da lokacin da ka danna, sai layin ya sirance ko ya yi kauri daidai da haka. Alƙalamin nan mai kan roba da ake sayarwa a rumfunan kayan waya ba ya yin wannan ko kaɗan. Yatsa ne kawai aka yi wa siffar biro.

Ya kamata ka fahimci yadda aikin yake tafiya kafin ka saka komai. Laftof ɗinka ce take ɗaukar nauyin Photoshop gaba ɗaya, sai ta matse hoton allonta ta aika wa tabilet kamar bidiyo, ita kuma tabilet ta mayar mata da labarin inda bakin alƙalami yake da irin nauyin da ka ɗora masa. Wannan kai da kawo ne yake haifar da jinkiri, kuma idan laftof ɗin tana nishi tun asali, tabilet ba za ta ƙara mata ƙarfi ba, sai ma ta ƙara mata kaya.

Samsung ta saka wa tabilet irin taka wata hanya da ake kira Second Screen: ka kunna ta, ka danna maɓallin Windows da harafin K a laftof, ka zaɓi sunan tabilet. Kyauta ce, ta kuma wadatar idan karatu za ka yi ko duba hoto, amma da yake ta iska take bi, za ka ga alƙalami ya wuce, layin yana biyo shi a baya kamar akuyar da ake ja da igiya. Ga mai zanen fuska ko harafin ado, wannan ya isa ya ɓata rai. Shawarata ita ce manhajar SuperDisplay, wadda ake sakawa a tabilet daga Play Store, sannan a saka direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane tabilet ɗin, a kwamfuta mai Windows 10 ko sama da haka. Tana ba da kwana 3 na gwaji kafin a biya kuɗi sau ɗaya, don haka ka yi ainihin aikin shago da ita a cikin kwanakin nan ukun kafin ka fitar da ko sisi.

Ka haɗa su da kebul, kada ka dogara da Wi-Fi. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, ni ma na taɓa ɓata wuni guda ina cire manhaja ina mayarwa, ashe kebul ɗin da na saya na caji ne zalla, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsa. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka jona kebul ɗin laftof ba ta nuna maka fayilolin tabilet ba, to ka nemi wani. Idan kuma tilas ta sa ka bi ta iska, ka sa na'urorin biyu a kan zangon Wi-Fi na 5GHz maimakon na 2.4GHz. Zanen kansa ba ya cin data, tunda tsakanin na'urorin biyu kawai saƙon yake yawo.

Saura matsalar da za ta sa ka ɗauka an cuce ka. Za ka buɗe Krita, ka ja layi, ka gan shi da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Dalili shi ne Windows tana da hanyoyi biyu na sauraron alƙalami, tsohuwa mai suna WinTab da sabuwa mai suna Windows Ink, kuma manhajoji irin SuperDisplay ta sabuwar suke magana. Ka shiga Settings, sai Configure Krita, sai Tablet Settings, ka zaɓi Windows 8+ Pointer Input, sannan ka rufe Krita ka sake buɗewa. Photoshop na zamani yana bin Windows Ink da kansa, sai dai ka tabbatar an saita girman buroshi ya bi Pen Pressure, wato nauyin dannin alƙalami. Daga nan ka ja layi guda, ka fara da shafa kamar mai share ƙura, ka ƙare da danni. Idan ya fito kamar wutsiyar ɓera, siriri a gefe ɗaya, kakkaura a ɗayan, to aiki ya yi.

Ramin USB na laftof wuta kaɗan yake bayarwa, don haka batirin tabilet na iya raguwa duk da tana jone. Ka cika ta tun da safe, ka rage hasken allo, musamman a zafin Maris da Afrilu lokacin da take ɗaukar zafi da wuri. Kada kuma ka yanke hukuncin launi a kanta, domin jan da ke sheƙi a allo yakan dusashe a takarda. Ka sa a buga maka gwaji guda kafin a buga katin mutane ɗari biyar.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Yelwa, Bauchi. iPad gare ni da Apple Pencil, amma kwamfutata HP ce. An ce mini in yi amfani da Sidecar don iPad ɗin ya zama allon zane na kwamfutar, na nema ban gani ba.

Amsa: 'Yar'uwa, ba za ki gan shi ba, domin Sidecar, wanda Apple ta fitar a 2019 tare da macOS Catalina, tsakanin iPad da kwamfutar Mac kaɗai yake aiki. Ga Windows akwai manhajojin Duet Display da Astropad Studio, sai dai galibi kuɗin rajista ake sabuntawa lokaci bayan lokaci, kuma da dala aka ƙayyade shi. Ki lissafa na shekara biyu, ki kwatanta da farashin ƙaramin allon zane na Huion ko XP-Pen marar sikirin, wanda ake saya sau ɗaya a jona da kebul. Idan kuma ba Photoshop na kwamfuta malamanku suka wajabta ba, ki yi zanenki a cikin iPad ɗin da manhajar zane ta Procreate, ki fitar da shi a tsarin PSD, wato tsarin fayil na Photoshop, ki ƙarasa gyaran a HP ɗin.