Allurar Baya Ko Allurar Barci: Ina Haɗarin Yake, Ga Mara Lafiya Da Mai Bayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita, an sa wa maiɗakina ranar da za a yi mata aiki a ciro jariri, sati uku nan gaba, saboda yaron ya zo a gicciye kuma an taɓa yi mata aiki a haihuwar baya. An ce allurar baya za a yi mata. Innarmu ta ce sam, wai allurar baya tana shanye ƙafafu ko ta bar mace da ciwon baya iya rayuwa, gara a sa ta barci gaba ɗaya. Ni kuma barcin nake tsoro, don na sha jin an ce wane ya shiga tiyata bai farka ba. Sannan ƙanwata nas ce, an mai da ita sashen masu ba da allurar barci, tana yawan dawowa gida da ciwon kai, ga ta sabuwar amarya. Shin aikin yana da illa ga masu yin sa? Daga wani magidanci, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sauke ta lafiya. Zaɓin da likitocinta suka yi shi ne daidai a aikin ciro jariri, matuƙar ba ta da larurar da ta hana. Tsoron Inna yana da tushe, amma naka ya fi kusa da inda haɗarin yake.

Barcin tiyata ba barcin dare ba ne. Ana zuba magani ta jijiyar hannu, ko farin nan mai kama da madara da ake kira firofofol, ko ketamin, kafin minti ɗaya mutum ya fita hayyacinsa. Sai a bi shi da wani maganin da ke sassauta duk tsokar jiki, har da wadda ke jan numfashi. Daga nan numfashinsa ya koma hannun wani. Mai allurar zai buɗe bakin da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai fitila, ya ɗaga harshe, ya hango ƙofar maƙogwaro, ya zura bututu, sannan ya jona shi da na'ura ko ya riƙa matsa jakar roba da hannu. Da yawa daga labaran "bai farka ba" a cikin waɗannan 'yan mintoci suke faruwa: bututu ya ƙi shiga, ko ya faɗa hanyar abinci ba a ankara ba, ko abin da ke ciki ya taso ya gangara huhu. Ƙwaƙwalwa kuwa idan ta rasa oksijin na minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa.

Mai tsohon ciki ta fi kowa shiga wannan tarko. Cikin maƙogwaronta ya ɗan kumbura, mahaifa ta tokare huhu ta rage masa wurin ajiye iska, ga jikinta yana cin oksijin na mutum biyu, don haka lokacin da mai allura yake da shi ya gajarta ƙwarai. Bakin tumbinta ma ya saki, amai ba ya wuyar tasowa. Wani ɓangare na maganin kuma yana ratsa mabiyiya ya kai ga jariri, ya fito a sanyaye.

Allurar baya ta kauce wa duk wannan, don mace tana farke tana numfashi da kanta. Za ta zauna a bakin gado ta rungumi filo ta turo bayanta. Laka, wato igiyar jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, tana ƙarewa ne a wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, ita kuwa allura tsakanin na uku da na huɗu ake sa ta, ƙasa da inda lakar ta tsaya. Maganin da ake zubawa mililita 2 ne zuwa 2.5, rabin ƙaramin cokalin shayi ke nan. Cikin minti biyar ƙafafu su ɗau ɗumi su yi nauyi, jiki ya mutu tun daga ƙasan nono. Za ta ji ana taɓawa ana ja, amma ba zafi, kuma da kunnenta za ta ji kukan yaron. Ƙafafun suna dawowa bayan awa biyu zuwa huɗu. Wannan kwanciyar da ƙafa ba ta motsi ita ce dangi ke gani su ce an shanye ta.

Shanyewar gaske tana faruwa, amma sai a yi dubun dubatar allurai ba a ga ɗaya ba, kuma an san musabbabinta: jini ya taru ya danne jijiya, ko ƙwayar cuta ta shiga wurin. Shi ya sa ba a yi wa mai shan maganin tsinka jini sai an tsara lokacin dakatar da shi, ko wadda hawan jinin ciki ya yi wa tsanani har ƙwayoyin daskarar da jininta suka faɗi, ko mai ƙurji a daidai wurin. Ku riƙe alamomin nan: ƙafa ta wuce awa huɗu ko kaɗan ba ta fara motsi ba, ko ta dawo sannan ta sake mutuwa, ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba ta sani ba, ko zazzaɓi da ciwon baya mai tsanani. A kira likita a take, kada a jira zagayen safe, don jinin da ya danne jijiya cikin 'yan awoyi ake so a kwashe shi. Ciwon baya na shekaru kuwa, binciken da aka yi bai nuna allurar ce ke kawo shi ba. Wurin yakan yi tsami na 'yan kwanaki ya wuce. Sauran a tambayi goyon ciki, da goyon baya, da daka, da ɗaukar jarka.

Abin da ya fi yawa a allurar baya shi ne faɗuwar awon jini, wato kishiyar hawan jini. Jijiyoyin jini na rabin jiki suna buɗewa lokaci guda, sai mace ta ji jiri da tashin zuciya. Maganinsa ƙarin ruwa, da karkata ta ɓangaren hagu don mahaifa ta ɗaga daga kan babbar jijiya, da allurar efedirin mai ɗaga awon jini wadda aka riga aka zuƙe a sirinji, da awon jini duk minti biyu ko uku a farkon aiki. Wani lokaci kuma maganin yakan hau sama fiye da yadda ake so. Ka faɗa mata, idan ta ji yatsun hannu suna mutuwa, ko numfashi yana nauyi, ko muryarta tana shaƙewa, ta yi magana nan take. Ɗakin tiyata ba wurin kunya da dauriyar 'yar fari ba ne. Akwai kuma ciwon kai da kan zo kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki, wanda ke tsananta idan ta zauna ya lafa idan ta kwanta, saboda ruwan laka yana ɗiga ta hudar allura. Farasitamol da ruwa da kofi ko shayi mai ƙarfi suna rage shi, yawanci ya tafi cikin mako ɗaya ko biyu. Idan ya ƙi, akan ɗebi jininta kamar mililita 15 zuwa 20 a toshe hudar da shi.

Ko da allurar baya aka tsara, dole ta bar cin abinci, don in ta ƙi kamawa barcin za a koma. Ƙa'idar ita ce awa 6 ba abinci, awa 8 in mai maiƙo ne ko nama, ruwa zalla kuma har zuwa awa 2 kafin aiki idan asibitin ya yarda. Fura da nono abinci ne. Koko da kunu abinci ne, haka shayi mai madara. A nan ne tausayi ke yin ɓarna: gwaggo ta ga 'yarta ta galabaita, ta ɗura mata "cokali biyu kawai", kuma a yi shiru. In an ci, a faɗa, ɗaga aiki da 'yan awoyi ya fi kunu a huhu. A zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, lokacin da awo ke haura 40, idan jira ya yi tsawo ku roƙi a sa mata ƙarin ruwa.

Ranar da mai allura zai duba ta, kada a ɓoye masa kome: hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, sikila, da duk jiƙe-jiƙe da tsimin da take sha, waɗanda ake so a bari tun makonni biyu kafin aiki. Mai sikila ba ya son sanyi da ƙishirwa da ƙarancin oksijin, shirinsa daban ne. Mai shan tiramol ko kodin ya faɗa a asirce, don awon maganin da ke isar wani ba zai ishe shi ba. In a dangi an taɓa samun wanda jikinsa ya ɗau zafi mai tsanani ya sandare a kan gadon tiyata, lallai a ambata, larura ce ta gado da iskar barci da ake shaƙa wa mara lafiya, irin su halotan, ke tayarwa, maganinta dantirolin, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. Haƙori mai girgiza da haƙorin Makka a nuna su. A bar yatsa ɗaya ba jan farce ba baƙin lalle, don kada su ruɗa ɗan matsen da ke auna oksijin. Wanda bakinsa ba ya buɗuwa sosai shi ma ya faɗa. Masu aiki a asibitin ciwon noma na nan Sakkwato, wato ciwon da ke cin naman baki da fuska, inda ake kawo yaran da muƙamuƙinsu ya ƙulle, sun fi kowa sanin wuyar sa bututu a irin wannan baki.

A ƙasashe masu hali, mutuwar da allurar tiyata kanta, ta barci ko ta baya, ta jawo ba ta wuce kamar mutum ɗaya cikin 100,000 ba. Wani babban nazari da ya fito a 2016 kuwa ya nuna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan 14 cikin 100 na matan da suka rasu a sanadin aikin ciro jariri, allurar tiyata ce sila, ta barci ko ta baya. Magungunan kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana ga horon mai bayarwa, da kayan sa ido, da oksijin. Ana so kowane mutum 100,000 su samu aƙalla likitocin wannan fanni 5, Najeriya ko ɗaya ba ta cika ba, nas-nas masu horo ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Don haka haƙƙinka ne ka yi tambaya cikin ladabi: wa zai ba da allurar, zai tsaya a kanta har a gama? Akwai tukunyar oksijin ta ko-ta-kwana in wuta ta ɗauke? An tanadi jini? Wa zai zauna da ita a awannin farko bayan aiki? Asibitin da amsarsa ita ce likitan da ke yanka shi ne kuma mai lura da numfashi, a nemi wani.

Mu koma kan ƙanwarka. Iskar barci tana tsiyaya cikin ɗaki ta gefen abin rufe fuska, musamman a aikin yara, da lokacin ɗura maganin a tukunyarsa, da ta bawul ɗin da ke fitar da ragowar iska. Tun 1977 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada halotan da danginsa su wuce kashi 2 cikin miliyan a iskar ɗaki, naitiros kuma, wata iskar barcin, kashi 25. Hanci ba ya jin warin sai ya wuce wannan nesa ba kusa ba, wato in ana jin warin a ɗaki, an riga an yi nisa. Na'urar sanyaya ɗaki ta bango ba ta fitar da shi, juya iskar kawai take yi. Yana kawo ciwon kai da kasala da saurin fushi. Tsofaffin nazarce-nazarce a ɗakunan da ba su da hanyar fitar da iska sun nuna ƙaruwar ɓari ga ma'aikata mata, naitiros kuma yana kashe aikin sinadarin B12 a jiki. Inda ake fitar da iskar yadda ya kamata, wannan haɗari yana raguwa ƙwarai. Gyaran ba tsada: a jona tiyo daga bawul a huda bango a fitar da shi waje, a gwada na'ura kowace safiya ko tana yoyo, a kashe iska kafin a ɗaga abin fuska. Ta lura da kanta na sati biyu. In ciwon yana zuwa ranakun aikin iska yana barinta ranar hutu, ta kai magana ga shugaban sashe. In kullum ne, a duba jininta da idonta da yadda take wuni a tsaye ba ci ba sha. Da ta ga alamar ciki ta sanar da wuri.

Amma allura mai jini ta fi iska haɗari. Wanda allurar mai ciwon hanta nau'in B ta soka, in bai yi rigakafi ba, yiwuwar kamuwarsa tana iya kai 30 cikin 100. Nau'in C kamar 2 cikin 100. Ƙanjamau 3 cikin 1,000. Rigakafin nau'in B allura uku ce, yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. In ba ta yi ba, ta fara a makon nan. Kada ta mai da murfin allura da hannu biyu. In ta soku, ta wanke da ruwa da sabulu ba matsewa, ta kai rahoto, a fara mata maganin kariya daga ƙanjamau cikin 'yan awoyi, kada ya wuce awa 72, ta sha na kwana 28. Ita ce kuma fuskarta ta fi kusa da bakin mara lafiya, tari da majina a kanta suke sauka. Tarin fuka ta nan yake bi, zazzaɓin Lassa kuma ya ci likitoci a ƙasar nan bayan sun yi wa masu shi aiki ba a sani ba. Takunkumi da tabarau da safar hannu ba ado ba ne. In ana ɗaukar hoton ƙashi a ɗakin, ta sa rigar dalma ta ja baya taku biyu.

Akwai biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko gajiya: wanda ya kwana yana aiki ya zarce da na safe shi ne ke ɗaukar sirinjin da ba shi ba, shi ya sa ake rubuta suna a jikin kowane sirinji da zarar an zuƙi magani. Na biyu, makullin akwatin fetidin da fentazosin, alluran kashe zafi masu sa maye, a hannun masu wannan aiki yake, kuma an san wannan sashe a duniya da haɗarin faɗawa shan su, sau da yawa daga allura ɗaya don ciwon baya ko rashin barci. Alamunsa yawan neman aikin dare, da daɗewa a bayi, da dogon hannun riga a tsakiyar zafi, da lissafin kwalabe da ba ya cika. Ƙa'ida ita ce mutum biyu su ƙirga su sa hannu a kowane canjin aiki, ragowar magani kuma a zubar a gaban shaida. Wanda aka ga alamar a tare da shi, a janye shi daga ɗakin tiyata ranar, a haɗa shi da likitocin ƙwaƙwalwa, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a asibitin tarayya da ke Kware.