Ɗalibaina suna cin misalin allo, amma suna faɗuwa da zarar tambaya ta sauya: ta yaya zan gane inda suke ɓata?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da lissafi da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma yaran ajina sun haura tamanin. Idan na yi misali a allo na ba su irinsa, yawancinsu suna ci. Amma da zarar tambaya ta zo cikin labari, ko na ɗan sauya mata fasali, sai takardu su cika da sifili. Abin da nake yi shi ne in duba amsar ƙarshe, in ba da maki ko in soke, saboda lokaci ba ya isa, ga shi ana jiran makin C.A., wato gwaje-gwajen cikin zango. Akwai hanyar da zan bi in auna yadda suke warware tambaya, ba amsarsu kawai ba?

Wata malama daga Katsina

Amsa

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Abin da kike gani ba a ajinki kaɗai yake ba. Rahotannin manyan masu duba jarrabawar WAEC sun sha nanata cewa ɗalibai suna kasa mayar da tambayar labari zuwa lissafi. Yaron da ya ci misalin allo, sau da yawa sawun alli ya bi, kuma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Mu fara da tambaya ɗaya. Ɗan kasuwa ya sayi buhun masara a kan naira 40,000, ya sayar 50,000. Ribar kashi nawa cikin ɗari ya samu? Amsa 25. Idan kika ba aji kamar naki, za ki ga wasu sun rubuta 20, wasu 10,000, wasu 90,000, wani kuma 2.5. A biro mai soke amsa, duka sifili ne. Amma wanda ya rubuta 20 ya san riba, ya san kashi cikin ɗari, kuɗin sayarwa kawai ya raba da shi maimakon kuɗin saye. Mai 10,000 ya nemo ribar daidai, bai kula da abin da aka ce ya nemo ba. Mai 2.5 ya bi hanya daidai tun daga farko, sifili ɗaya ya kuɓuce masa. Mai 90,000 kuwa lambobi biyu ya gani ya haɗa, labarin bai shiga kansa ba ko kaɗan. Yara huɗu ke nan da ke bukatar taimako iri huɗu. In kika koma allo kika sake yin misalin da kika yi jiya, da ƙyar ya amfani ɗaya daga cikinsu.

Amsar da ta yi daidai ma tana iya ruɗin malami. Yaron da ke ninka lambar ƙasa da ta sama zai ce 2² huɗu ne, ki ba shi maki. Sai ranar da kika tambaye shi 3² ya ce shida za ki gane abin da yake yi tuntuni.

Hanyar da na fi ba malamai shawarar su fara da ita ita ce ta Anne Newman, wata malama a Ostireliya da ta fito da ita a 1977 bayan ta zauna da yaran aji shida na firamare ɗaya bayan ɗaya. Za ki kira yaro da tambayar da ya faɗi, ki ba shi sabuwar takarda, ki bi da shi mataki biyar. Ki ce ya karanta miki tambayar. Ki tambaye shi me ake so ya nemo. Ki tambaye shi ta yaya zai nemo shi. Ki ce ya yi ki gani, yana yi yana faɗa miki abin da yake yi. Sannan ya rubuta amsarsa. Wurin da ya fara yin tuntuɓe shi za ki rubuta a gefen sunansa: karatu, fahimta, zaɓar hanya, aikin lissafin kansa, ko rubuta amsa. Abin da Newman da waɗanda suka biyo bayanta suka tarar shi ne, kaso mai yawa na kurakuran yara suna faruwa tun kafin a kai ga tarawa da ɗebewa. Mu kuwa a kan tarawa da ɗebewar muke ƙarar da yawancin lokacin gyara.

Sharaɗin wannan zama mai wuya ne ga duk wanda koyarwa ta shiga jininsa: kada ki koyar. Bakinki zai yi ta ƙaiƙayi ki ce "a'a, da kuɗin saye za ka raba", ki daure. Da zarar kin nuna hanya, abin da kike aunawa ya zama biyayya. Ki kuma ba shi sarari ya yi shiru. Mary Budd Rowe ta auna wannan a azuzuwan kimiyya na Amurka a farkon shekarun 1970, ta ga malamai ba sa jiran amsa fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshin yara suka ƙara tsawo da ma'ana.

A wajenmu akwai mataki na shida da ya wajaba. Idan yaro ya tsaya a karatu ko fahimta, ki faɗa masa labarin da Hausa, da baki, ki ga abin da zai yi. Za ki samu yarinyar da ta kasa taɓa tambayar a rubuce, amma kina cewa "kin saro a dubu arba'in kin sayar dubu hamsin" ta ce miki ribar kwata ce. Wannan yarinya ta iya lissafi, Turanci ne ya tare mata hanya, kuma zalunci ne a rubuta mata cewa ba ta gane lissafi. An ga irin haka a birnin Recife na Brazil: a 1985 Terezinha Nunes Carraher da abokan aikinta suka wallafa bincike a kan yara masu sayar da kaya a titi. Yara biyar ne kawai, don haka ba hujja ce a kan kowa ba, amma tazarar ta yi yawa. A bakin ciniki sun ci kimanin kashi 98 cikin ɗari na lissafin da aka yi musu, da aka mayar da lambobin nan zalla a takarda suka ci kimanin kashi 37. Duk mai yara 'yan talla a ajinsa ya san wannan.

Akwai wani ɓangare da zaman Newman ba ya kamawa sosai, wato ko yaro yana waiwayar amsarsa ya tambayi kansa ko ta shiga hankali. Masanin lissafi George Pólya ya sa wannan a matsayin mataki na huɗu a tsarinsa na warware tambaya na 1945, bayan fahimtar tambaya, tsara dabara da aiwatar da ita, kuma shi ne matakin da aka fi watsarwa. A wata jarrabawar ƙasa da aka yi wa yara 'yan shekara 13 a Amurka a farkon shekarun 1980, an ce sojoji 1,128 za a kwasa, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake bukata? Kimanin kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai. Kashi 23 ne kawai suka ce bas 32. Kashi 29 suka rubuta "31, saura 12", suka bar sojoji goma sha biyu a tasha. Ki riƙa jefa irin wannan tambaya lokaci zuwa lokaci: wadda saura ke da ma'ana a cikinta, wadda aka saka mata lambar da ba a bukata, har ma da wadda bayaninta bai isa a amsa ba. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce "Malama, wannan ba za ta amsu ba" ya nuna miki abin da tambaya ashirin masu kama da juna ba za su nuna ba. Gargaɗi ɗaya: na ga inda aka mayar da matakan Pólya akwatuna huɗu da yara ke cikewa bayan sun gama aiki, don a ba su maki. Wannan ma wata haddar ce.

A kimiyya, abin da ake nema shi ne yaro ya yi hasashe da hujja, ya tsara gwaji na adalci, ya kuma karɓi abin da gwajin ya nuna. Masana koyar da kimiyya Richard White da Richard Gunstone sun yaɗa wata hanya mai sauƙi a 1992: hasashe, kallo, bayani. Ki ɗora kofin ruwa da cokali biyu na sukari a kan sikeli, a karanta nauyin. Kafin ki zuba, kowa ya rubuta: in sukarin ya narke, nauyi zai ragu, zai ƙaru, ko zai tsaya, kuma me ya sa? Da yawa za su ce zai ragu domin sukarin ya ɓace, ciki har da waɗanda suka haddace ma'anar narkewa tsaf. Sai a zuba, a dama, a sake aunawa, kowa ya rubuta yadda zai daidaita abin da ya gani da abin da ya zata. Kada ki ba da maki a kan hasashe ya yi daidai ko bai yi ba, in ba haka ba za su koyi jiran su ga sakamako kafin su rubuta. Hujjar da bayanin su ne abin dubawa.

Wajen tsara gwaji, ba ki bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Gwangwanin madara uku da aka huda, yashi, yumɓu da ƙasar gona, da tambaya: wacce ta fi riƙe ruwa? Kada ki ba su matakai. Ki zagaya ki duba ko sun zuba ƙasa daidai wa daida, ko ruwan mudu ɗaya ne, ko hudar gwangwanayen ɗaya ce, ko sun auna ruwan da ya tsiyaye ko da ido suka yanke hukunci, ko wani ya ce a maimaita. Rukunin da ya cika gwangwani ɗaya ya bar ɗaya rabi, ko da ya ce yumɓu ne ya fi, bai warware komai ba. Kina zagayawa, ki riƙa yi musu tambayoyi ukun da Alan Schoenfeld na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ke yi wa ɗalibansa: me kuke yi yanzu, don me kuke yin sa, in kun gama da me zai taimake ku? Ya fito da su ne bayan ya ɗauki hotunan bidiyo na ɗalibai suna fama da sababbin tambayoyi, ya ga yawancinsu suna kama dabarar farko da ta zo musu su bi ta har minti ashirin su ƙare ba tare da sun tsaya sun duba ko tana kai su wani wuri ba.

Sai batun maki, wanda na san shi ya fi damun ki. Ki ari tsarin da WAEC ke bi a takardar rubutu: M makin hanya, A makin daidaiton amsa wanda ba a samunsa sai hanyar ta yi daidai, B makin abin da ke tsaye da kansa. A tambayar masara, ki ba da maki ɗaya na nemo riba, ɗaya na rabawa da kuɗin saye, ɗaya na amsa, ɗaya na jimla guda da ke nuna ya duba amsar. Mai 2.5 zai tashi da biyu, mai 20 da mai 10,000 da ɗaya-ɗaya, mai 90,000 babu. Wannan ba zai yiwu ba sai kin ga aikinsu, don haka ki hana rubutun gwaji a tafin hannu, a benci ko bayan littafi. A ja layi a shafi, aikin gwaji a dama, kuma abin da aka fasa a ja masa layi ɗaya, kada a goge.

Ba kowane aiki za ki sa wa lamba ba. Ruth Butler ta gwada wannan a Isra'ila a 1988: wasu yara aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu duka biyun. Masu sharhi kawai ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa musu da maki ba su bambanta da masu maki zalla ba. Ki ware gwaje-gwajen da za su shiga C.A., sauran ki rubuta jimla ɗaya kamar "ribar daidai ce, amma daga wane kuɗi ta fito?", ki ba su minti goma a aji su gyara.

Game da yawan yara, ba za ki zauna da tamanin ba, kuma ba sai kin yi ba. Tambaya biyu masu kyau a mako sun fi goma. In kin karɓi takardu, kada ki fara da biro. Ki kasa su tuli-tuli bisa amsar da aka rubuta: na 25 nan, na 20 nan, na 10,000 nan. Yawanci tuli huɗu ko biyar ne, kuma aikin minti kaɗan ne. Daga kowane tuli ki kira yaro ɗaya ko biyu, har da tulin masu daidai, ki yi musu tambayoyin Newman lokacin tara ko yayin da sauran ke aiki. Kowane zama bai wuce minti biyar ba. Tulin da ya fi tsawo shi ne darasin gobe. Ki buɗe shafi a bayan rajistarki mai layi shida, matakai biyar da na harshe, kina sa alama da kwanan wata a gaban sunan duk wanda kika zauna da shi, kina sauya yaran da kike kira don a zagaya. Kafin ƙarshen zango za ki ga layin da alamomi suka fi taruwa. In na karatu da fahimta ne, ki kai wa malamin Turanci da shugaban makaranta shafin, domin gyaran ya fi ƙarfin darasin lissafi shi kaɗai.