TL431A, TL431B da TL431C: Wanne Ya Fi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina gyaran fitilun sola a Kano, kuma ina haɗa ƙaramar caja da za ta tsayar da batirin litiyam a kan 4.2V. A kasuwa na tarar da TL431A, TL431B da TL431C, ƙananan na'urorin nan da ke riƙe wuta a kan ma'auni ɗaya. Na ɗauka kamar sakamakon jarrabawa ne, A ta fi B, B ta fi C. Da na buɗe takardar bayanan kamfanin sai na ga duk 2.495V aka rubuta musu. Ina bambancin yake?

Amsa: Yauwa, barka kadai. Lissafin makaranta bai shiga nan ba, domin B ta fi A daidaito, ita kuwa C ba ta cikin wannan jerin ma gaba ɗaya.

A tsarin sunayen kamfanin Texas Instruments, ɗaya daga cikin masu ƙera ta, harafin da ke bin lambar kai tsaye, in A ne ko B, darajar daidaito yake nunawa: A kuskurenta bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba, B rabin kashi ɗaya, wadda ba ta da ko ɗaya kuma kimanin kashi 2. Harafi na gaba na zafi ne: C daga 0 zuwa 70°C, I daga -40 zuwa 85°C, Q har 125°C. Sauran haruffan siffar jiki ce. Don haka TL431ACLP na nufin daraja A, zangon zafi C, jiki mai ƙafa uku na TO-92. Wadda ka gani da TL431C kuwa gama-gari ce, mai kashi 2.

Yanzu ga inda ka yi tuntuɓe. Wannan 2.495V ɗin a ƙarƙashin TYP take, wato abin da aka fi samu, kuma kamfani bai ɗauki alkawari a kansa ba. Alkawarin yana ginshiƙan MIN da MAX, wato mafi ƙaranci da mafi yawa. Gama-gari: 2.440 zuwa 2.550V. A: 2.470 zuwa 2.520V. B: 2.483 zuwa 2.507V. Kuma kowace daraja teburinta daban a takardar, sai ka duba kan shafin kafin ka yarda da lambar.

Mu kai shi kan cajarka. In ka sa rizisto 6.8k a sama, 10k kuma a ƙasa, kana ninka wutar sau 1.68. Da B za ka samu tsakanin 4.17 da 4.21V, da A 4.15 zuwa 4.23V. Gama-gari kuwa za ta iya tsayawa a 4.10V, batir bai cika ba, ko ta haura 4.28V. Yawancin batiran nan ba sa son a wuce 4.25V, cika su fiye da kima yana gajarta musu kwana, wani lokacin har su kumbura. Kuma ban ma lissafa 'yar wutar da ƙafar REF, wato ƙafar da ke jone tsakanin rizistocin biyu, ke ja ba, wadda takan kai 4µA. A kan 6.8k za ta ƙara kusan 27mV. In ka ce za ka tsimi batir ka koma 68k da 100k, ƙarin zai iya kai 0.27V, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne sharaɗin da ke saman teburin: an auna waɗannan lambobi a 25°C, da 10mA a ƙafar katod. Cikin robar fitila da ta wuni a rana a watan Afrilu ba 25°C ba ne. Gocewar da zafi ke jawowa layinta daban, VI(dev), kuma sai ka tara ta a kan kuskuren farko. Harafin B bai ba ka tabbacin komai a wannan layin ba, sai ka karanta shi da kanka.

Ni a wurina, ga 4.2V, ka ɗauki B, ko A in ba ka samu ba, tare da rizisto masu kashi 1. Sayen B a haɗa ta da rizisto masu kashi 5 asarar kuɗi ce kawai. Ka tabbatar aƙalla 1mA na ratsa katod ɗin, in ba haka ba ba za ta riƙe wutar yadda ya kamata ba.

Sannan ka yi hattara da masu kama da ita a teburin mai shago. TL432 wutarta ɗaya da TL431, amma a ƙaramin jikin SOT-23 an sauya mata ƙafafu. TLV431 kuwa 1.24V ce, in ka dasa ta a gurbin waccan cajarka za ta tsaya wajen 2V. Kamfanoni da yawa na yin 431, kuma ba dole haruffansu su zo ɗaya da na Texas Instruments ba, don haka ka dubi tambarin da ke jikin taka ka nemo takardar wannan kamfanin. In ka gama haɗawa, ka auna da mita kafin ka jona batir.