Kafin ki biya kowa, ki tabbata rajistar da sunanki take

'Yar'uwa, da na ga tambayarki kan sunan da za ki sa wa shafin ɗinkinki na intanet, ko .com ko .com.gh, wallahi sai tsohon mikina ya tashi.

A 2021 wani yaro a nan Aboabo ta Kumasi, ɗan maƙwabciyarmu, ya buɗe mini shafin shadda da atamfa. Na tura masa kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ban tambayi komai ba. Ashe da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar. Da muka samu saɓani kan kuɗin gyara, ya daina ɗaukar wayata. Yaron da ya ci tuwo a ɗakina! Har gida na bi uwarsa ina roƙo, ta ce ba ruwanta. Shekara ta cika, ba a sabunta ba. Wata kwastoma daga Tamale ce ta kira ni ta ce shafin ba ya buɗewa. Ina tsaye a kasuwar Kejetia, ga ledoji dubu biyu da na buga da adireshin a jiki, na zauna kan dila na yi kuka. Har yau in na gan shi a bakin masallaci ƙirjina zafi yake.

Abin da ban sani ba lokacin: sunan shafin nan haya ne, duk shekara ake biya. In ya mutu, .com yana da kwana 30 na fansa, amma da tsada, kuma sai wanda sunansa ke kan rajistar. Ki buɗe asusu da kanki, ko a Namecheap ko wani kamfanin da ke rajistar sunan shafi, da imel ɗinki, ki kunna sabuntawa ta kai tsaye. Katin bankinki kada ya zauna babu kuɗi a watan.

Sunan kuma ya zama gajere. Ki faɗa wa wata Asante a waya, in ta rubuta daidai ba ta sake tambaya ba, ya yi. Ki guji ƙ da ɗ da ɓ, ba kowa ke da su a waya ba. Kada ki sa lamba ko ƙaramin layi a tsakiya.

.com.gh yana nuna 'yar gida Ghana ce ke, amma ni .com na sake ɗauka saboda masu saye daga Kano da Yamai. Kada ki buga leda ko kati sai kin shiga asusun kin ga sunanki da idonki.